Yadda Za Ka Shirya Jakar Hawa Dutse da Keke Har Manaja Ya Kasa Rabuwa da Kai

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan goma yadda na jera su, ina ba ka tabbacin da ba ya tashi: kafin Asabar shida ta zagayo, manajanka zai san da zamanka a duniya, zai haddace lambar wayarka, kuma ba zai ƙara ɗora ƙafa a kan feda ba sai ya waiga ya ga kana bayansa. Ba a littafi na karanta ba. Da gadon bayana na koya, kuma likita ya duba bayan nawa, ya shaida.

Ga mafarin zancen. A ofishinmu mataimakin manaja ya yi ritaya, kujerarsa ta zama babu kowa. Kujera ce mai ɗakinta, da ƙofa mai rufuwa, da taga. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya a tebur ɗaya, tsakanin injin kwafi da ƙofar banɗaki, inda duk mai wucewa sai ya yi ƙwallo da kwandon sharata. Mu biyu ake ambata a kan kujerar: ni da wani da muke kira Dogo, wanda na riga shi zuwa da shekara bakwai, amma ya fi ni saurin dariya idan Manaja ya yi barkwanci. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye maka ba. Sai wata rana Sakatariya ta tsegunta min cewa Manaja ba ya yanke shawara a ofis. A kan dutse yake yankewa, ranar Asabar da safe, inda yake zuwa hawan keke da duk ma'aikacin da ya ga dama ya bi shi.

To idan kai ma haka ta same ka, kada ka ɓata lokaci wajen gyara aikinka. Aiki kowa yana yi. Jaka za ka gyara.

Mataki na 1: Nemi keke, amma kada ka sa shi a ranka

Kowane keke ya yi, muddin yana da taya biyu. Ni na ari na ƙanin maiɗakina, wani tsohon keke mai ƙananan tayoyi wanda sirdinsa ke kuka idan an zauna.

Mai keken zai so ya yi maka bayani. Zai ce ka duba girman tayar, zai nuna maka bawul ɗinta, wato bakin da ake ba ta iska, ya ce irin mai kaurin nan ne kamar na mota. Zai haɗo ka da tsohon famfo da aka ɗaure kansa da roba, da wani gwangwanin madara mai tsatsa da ya zuba sholisho, wato gam ɗin liƙi, da guntayen robar faci a ciki. Zai ce, "Yaya, kome za ka manta, kada ka manta da waɗannan biyun."

Gyaɗa kai, ka ce to. Yaro ne, bai taɓa neman ƙarin girma ba.

Mataki na 2: Sayi jakar goyo mafi girma a shagon

Mai shago zai nuna maka wata 'yar ƙarama, ya ce ita masu hawa dutse ke goyawa, don ba ta rinjayar mutum a gangare. Kada ka yarda. Ƙaramar jaka ta wanda ya zo motsa jiki ce, kai kuwa ba motsa jiki ya kawo ka ba.

Nemi wadda idan ka goya ta, ta bayanka ba a ganin ƙeyarka. Ta kasance da aljihu ta ko'ina, da igiyoyin da kai kanka ba ka san amfaninsu ba. Launinta ya zama mai ɗaukar ido, yadda ko Manaja ya ba ka tazarar tudu biyu zai hango ka ya tuna kana raye.

Hikimar masana: ba a auna ma'aikaci da abin da ya sani, da abin da ya ɗauko ake auna shi.

Mataki na 3: Karanci keken Manaja kamar za a yi maka jarrabawa

Nan ne ƙwararre ke rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo yana shirya jaka don kekensa. Kai don keken Manaja za ka shirya.

Ranar Juma'a Manaja yakan zo ofis da kekensa a ɗaure a bayan mota. Jira lokacin cin abincin rana, ka sauka wurin ajiye motoci da biro da takarda. Durƙusa ka kwafe lambobin da ke jikin tayar, ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga tayoyinsa manya ne, sun fi naka nesa ba kusa ba, kuma bawul ɗinsa siriri ne kamar tsinken sakace. Rubuta wannan ma. Ƙirga haƙoran giyar keken idan kana da hali.

Mai gadi zai zo ya tsaya a kanka ya tambaye ka ko lafiya. Ka ce masa makullinka ne ya faɗi. Idan Juma'a ta gaba ya sake samun ka a durƙushe a wurin, ka ce makullin ne dai har yanzu.

Mataki na 4: Kayan gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Juma'a da yamma za ka baje kayanka a tsakar falo. Ga abin da ya wajaba.

Tif guda biyu, wato robar cikin taya, daidai girman tayar Manaja. Ƙaramin famfo na zamani mai sheƙi, wanda bakinsa ya dace da siririn bawul ɗin Manaja. 'Yan ƙarafan ɓanɓare taya. Sifana, filaya, da makullan nan masu kusurwa shida, saiti guda cur. Man sarƙa, da tsumma mai tsabta na goge hannun Manaja idan ya taɓa sarƙar, kodayake idan ka iya aikinka ba zai taɓa ta ba.

Kada ka gwada sabon famfon a kan naka keken. Gwaji alamar shakka ce, kuma kwalinsa zai yage.

Mataki na 5: Ci, sha, da sauran jin daɗin rayuwa

Ruwa gora uku: biyu na Manaja, ɗaya na ko-ta-kwana idan na Manaja ya ƙare. Kai ka sha a gida ka ƙoshi.

Filas na shayi, da sukari daidai yadda Sakatariya ta ce yana so, da kofi mai hannu, don babban mutum ba ya sha a murfin filas. Ayaba shida, a naɗe cikin tawul kada su dame. Biskit, irin wanda ka ga kwalinsa a kwandon sharar ofishinsa. Ba sai na faɗa maka yadda za ka ga kwalin ba.

Sannan akwatin magani: filasta, bandeji, man zafi, maganin ciwon kai. Rigar ruwa daidai jikinsa. Batirin cajin waya da igiyar da ta dace da wayarsa. Tocila, ko da yake da hantsi za ku dawo. Daga ƙarshe 'yar kujera mai naɗewa, domin duwatsu suna da tauri kuma Manaja ya taɓa ambata ƙugunsa a wajen taro.

Idan ka gama, ɗaga jakar. In ta ɗagu da hannu ɗaya, akwai abin da ka manta.

Mataki na 6: Fitar da duk abin da zai zubar maka da mutunci

A daidai nan za ka tarar jakar ta ƙi rufuwa. Leƙa ciki. Za ka ga maiɗakinka, a lokacin da ka shiga wanka, ta cusa tsohon famfon ƙaninta da gwangwanin facin nan a can ƙasa.

Ciro su. Ka yi tunanin ranar da za ka buɗe jaka a gaban Manaja da Dogo, gwangwani mai tsatsa ya gangaro yana ƙara. Shekara goma sha ɗaya ta aiki za ta bi shi gangaren.

Tawa maiɗakin tana zaune a hannun kujera tana ninke kayan yara lokacin da na ɗora su a kan talabijin. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce gwangwanin ko nauyin ayaba ɗaya bai kai ba. Na ce mata ba zancen nauyi ake ba, zancen daraja ne, kuma harkar ofis ta fi ƙarfin fahimtar wanda ba ya ciki. Ta dubi kayan da ke cikin jakar, ta dube ni, ta ce, "Baban yara, duk cikin jakar nan wanne ne naka?"

Irin wannan tambaya dariya ake yi mata. Yi dariyar, ka ja zif, ka sa gwiwa ka danne idan ya ƙi.

Mataki na 7: Koyi hawa dutse da rabin ɗaki a bayanka

Asabar ta farko za ka gane cewa jaka tana da ra'ayinta. A hawa tana ja da kai baya, a gangare tana tura ka gaba, a kwana kuma sai ta zaɓi inda za ku bi, ta sanar da kai daga baya. Za ka faɗi. Idan za ka faɗi, faɗi rub da ciki, don filas ɗin yana baya.

Za ka ga Dogo ya zo da gorar ruwa ɗaya tak a maƙale a jikin keke, hannu yana dukan cinya. Zai jera da Manaja a gaba suna hira, kai kana can baya kana haki, ba ka jin kome sai dariyarsa. Kada wannan ya dame ka. Hira iska ce. Idan aka tsaya hutu, wa ke da shayi?

Kai ne. Iso da sauri gwargwadon hali, ka buɗe kujera, ka miƙa tawul, ka zuba shayi, ka ɓare ayaba. Idan Dogo ya miƙo hannu shi ma, ba shi, kada a ce kana da ƙyashi.

Zuwa Asabar ta uku sakamako zai fara fitowa. Ni shekara goma sha ɗaya Manaja yana kirana "kai, bawan Allah". A Asabar ta uku ya raɗa min suna Mai Jaka, kuma ranar Litinin ya kira ni da shi a gaban kowa a ofis. Na ji daɗi har cikin raina, na dawo gida na ba maiɗakina labari. Ta ce Allah ya sanya alheri, ta ci gaba da shafa min man zafi a kafaɗa.

Mataki na 8: Jira ranarka

Duk wannan ɗawainiya don rana ɗaya ake yin ta, ranar da tayar Manaja za ta yi faci. Ba na ce ka yi addu'ar hakan ba. Ban kuma ce kada ka yi ba.

Tawa ranar ta zo a Asabar ta shida, wadda Sakatariya ta ce a cikinta za a yanke maganar kujera. Muna tsakiyar hawa, saura tudu ɗaya mu kai ƙololuwa, sai tayar Manaja ta baya ta hau wani kaifin dutse, ta yi tsaki, ta kwanta. Manaja ya sauka yana duban ta. Dogo ya tsaya kusa da shi ya riƙe ƙugu, ya ce lallai faci ne. Iyakar gudummawarsa ke nan.

Ga yadda za ka yi. Sauke jaka a natse. Zaunar da Manaja a kujera, ka ba shi ruwa. Kifa keken, ka kwance tayar, ka zare tsohon tif, ka shafa cikin tayar da yatsa ko akwai ƙaya, ka sa sabo, ka kafa famfo mai sheƙi a kan siririn bawul. Zai shiga daram, kamar tare aka haife su. Ka riga ka gwada wannan aiki sau goma sha biyu a kan wata tsohuwar taya da ka roƙa wurin mai faci, don haka minti bakwai ya ishe ka.

Manaja ya latsa tayar da babban yatsa, ya dafa kafaɗata mai ciwon, ya ce bai san yadda zai yi ba da ba na nan. A raina na riga na fara tunanin irin labulen da zan sa a tagar.

Mataki na 9: Abin da za ka yi idan taka tayar ta yi faci

Za ta yi. Tsohuwar taya ce, kuma mako shida tana ɗauke da kai da shagonka. Tawa ko taku ɗari ba mu ƙara ba ta fashe, da ƙarar da ta sa Manaja ya waigo.

Kada ka firgita, kana da jaka. Ciro tif na biyu ka kara shi da tayarka, za ka ga ya yi mata yawa kamar ka sa wa jariri rigar babansa. To a liƙe tsohon mana. Da me? Robar faci da sholisho suna kan talabijin. Ko da za ka samu abin liƙewa, ɗauko famfo mai sheƙi ka kafa a kan bawul ɗinka mai kauri ka gani. Juya shi. Danna. Tofa masa yawu. Ba zai shiga ba, don ba dominka aka saye shi ba.

Na zazzage jakar kaf a kan dutse. Kaya sun yi tsibi, kuma babu abu ɗaya a ciki da ya san kekena.

Manaja mutum ne mai tausayi, ya tsaya ya kalli duk abin da nake yi har ƙarshe. Sannan ya dubi agogo ya ce rana tana yi. Ya ce tunda tif ɗin da famfon ba su yi min ba, in miƙa wa Dogo ya riƙe, ko tayar shi Manajan za ta sake yin faci a sama. Ya ƙara da cewa filas ɗin ma, da kofin, da ayaba biyu. Dogo ya cusa su a aljihun bayan rigarsa, ya maƙala filas a mazaunin gorarsa, ya ce min sannu, Allah ya kiyaye gaba. Suka hau suka tafi.

Yanzu kana da zaɓi biyu: ka gangara gida, ko ka tura keke ka bi su. Mai neman kujera ba ya gangarawa. Mayar da kaya jaka, goya, ka kama ƙahon keken ka fara turawa. Minti hamsin ne, idan ba ka zauna ka yi kuka ba. Ni na zauna sau ɗaya, amma ba da yawa ba.

Da na iso ƙololuwa, Manaja yana zaune a kan wani faffaɗan dutse, ashe ƙugun yana iya haƙuri. Dogo yana tsiyaya masa ragowar shayina a kofina, suna magana ƙasa-ƙasa irin ta waɗanda suka gama magana. Manaja ya hango jakar tun daga nesa, launinta ya yi aikinsa. Ya ce wa Dogo, "Ba na faɗa maka zai iso ba? Irin su Mai Jaka ba sa yar da kaya."

Idan aka ce maka haka, ka ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Sannan ka buɗe kujerar, tunda ka riga ka kawo ta.

Mataki na 10: Karɓi sakamakonka

Ranar Litinin za a liƙa takarda a allon sanarwa. A ofishinmu allon yana saman injin kwafi, don haka daga teburina ina iya karanta sunan Dogo ba tare da na tashi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manaja zai kira ka ofishinsa, don mutumin kirki ne. Ni ya ce min ya daɗe yana auna mu biyun. Ya ce Dogo yana da abin da shugabanci ke bukata: yana tafiya ba nauyi, kuma duk abin da ya nema sai ya tarar wani ya riga ya ɗauko masa. Ni kuwa, in ji shi, ginshiƙi ne, kuma mai hankali ba ya ɗaga ginshiƙi daga inda yake. Ya ce in sayi sabuwar taya kafin Asabar, don ba ya jin zai iya hawa dutsen nan ba tare da ni ba.

Koma farkon takardar nan ka karanta abin da na yi maka alkawari. Ka ga na cika ko ban cika ba?

Da na dawo gida, famfon da gwangwanin suna nan a kan talabijin inda na bar su. Maiɗakina ta share ƙurar da ke kewaye da su, amma ba ta motsa su ba. Ba ta tambaye ni kome ba, ta gani a tafiyata. Ta kawo min ruwa, ta ɗauko man zafi. Da ta yi min gori da ya fi min sauƙi. Tambayar da ta yi min ranar Juma'ar nan kuwa na samo amsarta a kan dutse, lokacin da nake tura keke: a cikin jakar babu nawa, sai bayan da ke ɗauke da ita.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon baya, gocewar ƙugu, ƙujewar gwiwa, fashewar taya, ko kallon da matarka za ta yi maka ba tare da ta ce uffan ba. Ba shi da alhakin duk wata kujera, ƙofa ko taga da ta wuce ka ta faɗa hannun wani dogo. Shawara ya bayar, kai ka goya. Wanda ya bi matakan nan ya samu abin da na samu, ya kuka da kansa, kada ya neme ni.

In kuwa neman ya zama dole, ina nan tsakanin injin kwafi da ƙofar banɗaki, Litinin zuwa Alhamis. Juma'a kada ka zo da rana, ba za ka same ni ba. Sabon mataimakin manaja ya sayi keke, kuma Sakatariya ta ce tayoyinsa ba girmansu ɗaya da na Manaja ba. Ina ƙasa wurin ajiye motoci, ina neman makullina.